Wa ke ba da umarnin balaga? Abin da dashen fituwitari ya nuna a jikin 'yan ɓeraye maza

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mahauci yana fasa kan rago washegarin layya, bayan an babbake an kankare, zai gane wurin da nake nufi. Idan aka kwashe ƙwaƙwalwa aka zuba a kwano, leƙa cikin ƙoƙon kan, can ƙasa wajen tsakiya akwai ɗan gurbi a jikin ƙashi wanda wani tantani mai tauri ya rufe, in ka sa tsinin wuƙa ka yage tantanin nan sai ka ga wata 'yar tsoka ja-ja kamar ƙwayar wake tana zaune abinta. Yawancin mutane ba sa ma lura da ita, tana tafiya cikin farfesu. To wannan ita ce fituwitari. Ta mutum wajen rabin giram ce, ta ɓera kuwa wajen miligiram 10, ka ga kenan ko ƙwayar dawa sai a hankali. Gurbin da take ciki masu ilimin sassan jiki sirdin Turkawa suke ce masa, don in ka kalle shi ta gefe sirdi ne sak, da gabansa da bayansa. Sunan ita kanta tsokar kuma daga kalmar Latin ta majina aka samo shi, saboda tun zamanin Galen, wani likitan Girka na dā, likitoci sun ɗauka aikinta kawai ta tace dattin ƙwaƙwalwa ta turo shi hanci, kuma sama da shekara dubu ana kan wannan fahimta.

Abin da ya sa na ɗauko zancenta shi ne wani gwaji da aka daɗe ana yi, a ɗauko fituwitari daga wani ɓera a dasa a jikin ɗan ɓera namiji da bai balaga ba, a zuba ido a ga abin da zai faru da marainansa da sauran kayan haihuwa. In ka karanta sakamakon sama-sama sai kanka ya ɗaure, wannan ya ce dashen ya gaggauta balaga, wancan ya ce ya danne sha'awa, wani ya ce ai maraina ba su ko motsa ba, kuma duk ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Matsalar dai kalmar dashe ɗin ce, ana kiran abubuwa mabambanta da suna ɗaya, kuma inda aka ajiye tsokar ya fi ita kanta tsokar muhimmanci.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Makiyayi bai buƙatar jami'a kafin ya san cewa in aka dandaƙe bunsuru ya zama taure to warinsa zai ragu, ya daina bin awaki, ya koma tara kitse. Wato an san maraina ne ke riƙe da mazantaka tun tuni, yadda suke yi ne ba a sani ba. A 1849 wani Bajamushe mai suna Arnold Berthold a garin Gotinjen ya fiɗiye 'yan zakaru, wasu ya bar su haka, wasu kuma ya mayar musu da maraina amma a cikin ciki kusa da hanji, ba wurinsu na asali ba. Waɗanda aka bari haka zankonsu bai girma ba, ba cara ba faɗa. Waɗanda aka dasa wa kuwa zanko ya tashi, suna cara suna bin kaji suna dambe da juna. Da ya buɗe su sai ya tarar marainan sun kama, hanyoyin jini sun shige su, amma ba wata jijiyar saƙo da ta haɗa su da komai. Ashe ta jini suke aika abin da suke aikawa. Riƙe wannan da kyau, maraina ko ina ka dasa su in dai sun samu jini za su yi aiki, don nan gaba za ka ga fituwitari ba haka take ba.

Mutumin da ya buɗe ƙofar wannan fage a ɓera shi ne Philip Smith, Ba'amurke, wajen 1926 zuwa 1927. Kafin shi masu cire fituwitari sukan ji wa ƙwaƙwalwa ciwo a garin cirewa, sai a rasa gane shin rashin tsokar ne ya jawo abin da aka gani ko kuwa raunin ƙwaƙwalwa. Smith sai ya biyo ta ƙasa, ta wuya gefen maƙogwaro, ya huda ƙashin gindin kai da ɗan ƙaramin abin huji ya zuƙo tsokar ba tare da ya taɓa ƙwaƙwalwa ba, aikin da ke buƙatar hannu kamar na mai gyaran agogo. Ɗan ɓeran da aka yi wa haka girmansa yakan tsaya cak, maraina su tsuke su yi laushi, jakunkunan ruwan maniyyi su zama kamar zare, ba maganar balaga kuma har abada. Sai Smith ya riƙa yanka wasu ɓerayen kullum yana ciro sabuwar fituwitari yana cusa wa marasa ita a cikin tsokar jiki, yau ɗaya gobe ɗaya, sai ga maraina sun farfaɗo. Shi da abokin aikinsa Earl Engle suka ƙara gaba a 1927, suka yi wa lafiyayyun 'yan ɓeraye ƙanana irin wannan cushe na kullum, matan suka balaga tun suna kwanakin yaye har suna sakin ƙwai fiye da ƙima. A daidai wannan lokaci a Balin, Bernhard Zondek da Selmar Aschheim sun ga irin haka a nasu ƙananan ɓerayen ba tare da sun haɗa baki da su Smith ba, har Zondek ya kira gaban fituwitari injin da ke tuƙa harkar jinsi.

A mazan fa abin ya ɗan bambanta, kuma nan ne na fi so mu tsaya. Kayan da ke kewaye, wato jakunkunan ruwan maniyyi da furostet, wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin mafitsara, su ne suka yi saurin kumbura, amma su ƙwayoyin maniyyi ba su fito da wuri yadda ƙwai ya fito wa mata ba. Dalili kuwa yanzu a fili yake. Fituwitari homon biyu, wato sinadaran saƙo masu bi ta jini, take aika wa maraina, LH da FSH. LH yana zuwa wajen wasu ƙwayoyin halitta da ke tsakankanin bututun maraina, ana ce musu ƙwayoyin Leydig, su ne masu haɗa testosteron, homon ɗin mazantaka, kuma su cikin awoyi suke amsawa, testosteron na hawa jakunkunan nan za su cika. FSH kuma yana zuwa wajen ƙwayoyin Sertoli da ke cikin bututun, su ne masu renon maniyyi kamar uwar goyo. Shi kuwa maniyyi yana da jadawalinsa da ba ya canzawa, a ɓera daga ƙwayar tushe zuwa cikakken maniyyi mai wutsiya kwana hamsin ne da ɗoriya kaɗan, a mutum wata biyu da 'yan kwanaki. Homon yana iya sa ƙwayoyi da yawa su tsira su kai ƙarshe, ko rashinsa ya sa su mutu a hanya, amma bai iya sa su gudu. Kamar gero ne, taki zai sa zangarniya ta cika amma ba zai sa ka yi girbi a wata ɗaya ba. Ita mace kuwa an riga an haife ta da ƙwanta a ajiye, tura kawai yake jira.

Shi ya sa ma auna balagar ɓera namiji ke da ɗan wuya. Ana haihuwarsa bayan ciki na kwana 21 zuwa 23, a yaye shi a kwana 21, FSH ya yi sama tsakanin kwana 30 da 40, testosteron ya biyo baya, sai wajen kwana 50 zuwa 60 ne zai iya yi wa mace ciki. Alamar da masu bincike suka fi dogara da ita ta waje ita ce rabuwar loɓa da kan azzakari, wadda ke faruwa wajen kwana 40 zuwa 45, kuma tun 1977 aka tsayar da ita a matsayin ma'auni. Aikin ba wani abin burgewa ba ne, kowace safiya ɗalibi zai ɗauko ɓera ɗaya bayan ɗaya ya kwantar da shi a tafin hannu ciki sama, ya sa yatsa biyu ya ɗan ja fatar baya a hankali, in ta ƙi ja sai ya rubuta bai kai ba ya mayar keji, ranar da ta zame gaba ɗaya sai a rubuta kwanan da nauyinsa. Duk wanda ya yi furojet da fararen ɓerayen Wistar ɗin nan da ake kiwo a jami'o'inmu ya san warin ɗakin da yadda ɓeran ke tsula maka fitsari a hannu don tsoro. To da irin wannan ƙidayar kwanaki ake cewa balaga ta zo da wuri ko ta makara, bambancin kwana uku ko huɗu babban labari ne a rayuwar ɓera.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Abin da Smith ke yi kullum a gaskiya ba dashe ba ne irin na mangwaro mai aure da ake so ya kama ya rayu. Tsokar da yake cusawa mutuwa take yi ta narke, homon ɗin da ke ajiye a cikinta ya tsiyaye cikin jini, shi ya sa dole gobe a kawo wata, wato allura ce kawai a siffar nama. Da mutane suka ce bari mu yi dashe na gaske, sai suka nemi wuri mai jini sosai, wasu suka sa a gaban ido inda za a iya kallon tsokar ta waje, mafi yawa kuma suka zaɓi ƙarƙashin tantanin ƙoda. Yadda ake yi, a sa wa ɓera maganin barci, a tsaga gefen bayansa kaɗan a matso ƙodar waje, a ɗan ɓula siririn tantanin da ya lulluɓe ta a yi aljihu, a tura tsokar ciki, a mayar a ɗinke, kuma yawanci daga dangi ɗaya ake ɗauko mai bayarwa don kada jiki ya ƙi baƙon nama. Tsakiyar tsokar kan mutu a kwanakin farko, gefe-gefen ya samu jini ya rayu wata da watanni. Ta kama kenan. Amma ɓeran da aka cire wa tasa aka ba shi wannan, marainansa ba sa komawa daidai, ɗan abin da take fitarwa na LH da FSH bai taka kara ya karya ba. Ga tsoka da ranta, ga jini, amma aiki ya ƙi. Ka tuna zakarun Berthold, su ba haka suka yi ba.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Geoffrey Harris na Ingila. Akwai wasu 'yan siraran hanyoyin jini a jikin ɗan maƙalin da ya haɗa fituwitari da ƙasan ƙwaƙwalwa, wurin da ake kira haifotalamus. Waɗanda suka fara bayyana su a 1930, Popa da Fielding, sun ɗauka jinin sama yake hawa. Harris da John Green suka leƙa a ɓera mai rai a 1949 suka ga ƙasa yake gangarowa, daga ƙwaƙwalwa zuwa fituwitari. Sai Harris ya ce to lallai ƙwaƙwalwa na zuba wani sinadari a wannan jini wanda shi ke ba fituwitari umarni. Manya ba su yarda nan take ba, Solly Zuckerman ya yi shekaru yana ja da shi. Gwajin da ya fi kashe bakin masu musu shi ne wanda Harris ya yi da Dora Jacobsohn ta Jami'ar Lund a Suwidin, aka buga a 1952. Suka cire wa iyayen ɓeraye mata fituwitari, suka ɗauko ta jariran da su iyayen suka haifa, wasu aka dasa musu daidai ƙarƙashin haifotalamus inda hanyoyin jinin nan za su tsiro su shige ta, wasu kuma aka dasa a ƙarƙashin gefen ƙwaƙwalwa, tazarar 'yan milimita kawai. Duka biyun sun kama sun samu jini. Amma na ƙarƙashin haifotalamus ne kaɗai zagayen haihuwarsu ya dawo, har wasu suka yi ciki suka haihu, na gefe kuwa shiru.

Abu biyu ne suka faɗo daga wannan gwaji da suka shafi ɗan ɓeranmu namiji kai tsaye, kuma wallahi duk lokacin da na tuna sai na jinjina wa wanda ya tsara shi. Fituwitarin jariri ɗan kwanaki ta riƙe aikin babbar mace tun kafin shi mai ita ya isa balaga da a ce yana raye, wato ba ƙuruciyar fituwitari ce ke hana yaro balaga ba, a shirye take tun tuni, umarni ne ba a ba ta ba. Sannan fituwitarin namiji ma da aka dasa wa mace ta tafiyar da zagayen mata lafiya lau. Wannan ya rushe fahimtar Carroll Pfeiffer na 1936, wanda ya nuna cewa maraina a kwanakin farko na haihuwa su ke sa ɓera ya rasa zagaye irin na mata, gaskiya ne kuma, sai dai shi ya ɗauka fituwitari ce ke zama namiji, ashe ƙwaƙwalwa ce. A 1958 Miroslava Nikitovitch-Winer da John Everett a Jami'ar Duke suka ƙara ɗaure zancen, suka kai fituwitari ƙoda ta yi makonni aiki ya tsaya, suka sake ɗauko ita dai wannan tsokar suka mayar ƙarƙashin haifotalamus aiki ya dawo. Shi kansa Smith yana tsoho ya haura saba'in ya koma kan mazan a farkon shekarun 1960, ya dasa musu a wannan wuri bayan sun daɗe ba fituwitari, marainan da suka shanye suka farfaɗo.

Ni yadda nake fahimtar abin shi ne na fada. Sarki ba ya ɗaga murya, yana magana ƙasa-ƙasa, sanƙira da ke tsaye kusa da shi ne ke ɗauka ya kwaɗa wa jama'a. Mutumin da ke bayan taro zai rantse sanƙira ne mai umarni tunda muryarsa kaɗai yake ji, kamar dai yadda aka yi shekaru ana kiran fituwitari shugabar duk masu fitar da homon. Ɗauke sanƙiran ka kai shi wani gari, lafiyarsa ƙalau, muryarsa na nan, amma me zai faɗa? Maganar sarkin a nan wani ɗan ƙaramin sinadari ne da ake kira GnRH, ɗigon amino asid goma kacal, kuma kaɗan ne ainun, in ya shiga babban jinin jiki sai ya tsarke ya lalace, shi ya sa dole sai an tsaya kusa. Sai a 1971 ƙungiyar Andrew Schally ta gano tsarinsa bayan sun niƙa haifotalamus na aladu dubbai barkatai, Roger Guillemin kuma yana fafatawa da shi da na tumaki, su biyun suka samu kyautar Nobel a 1977. Harris ya rasu a 1971 ɗin, bai ga wannan rana ba.

Sai dai sanƙiran da aka kai ƙoda ba shiru yake yi gaba ɗaya ba, kuma wannan ne ya rikita lissafin gwaje-gwajen mazan. Akwai homon ɗaya da ƙwaƙwalwa ba tura shi take yi ba, danne shi take yi, shi ne furolaktin, wanda aka fi sani da kawo ruwan nono. Dofamin, wani sinadarin ƙwaƙwalwa da ke gangarowa ta waɗancan hanyoyin jini, shi ne linzaminsa. Ka raba fituwitari da ƙwaƙwalwa ka cire linzami kenan, sai ta yi ta zubo furolaktin dare da rana. Everett ne ya nuna haka tun 1954. Don haka idan ka ji an ce an dasa wa lafiyayyen ɗan ɓera namiji ƙarin fituwitari a ƙoda, tasa tana nan a kai ba a taɓa ba, to abin da aka yi masa a zahiri shi ne an cika jininsa da furolaktin, ba wai an ninka masa LH da FSH ba. Tambayar ta tashi daga me fituwitari ke yi ta koma me furolaktin ke yi wa namiji mai tasowa.

Amsar kuma fuska biyu gare ta. A dangin ɓera furolaktin abokin aikin LH ne, yana ƙara yawan wuraren da LH ke kamawa a jikin ƙwayoyin Leydig, ka ga ko LH bai ƙaru ba maraina sun fi jinsa, sannan yana haɗa ƙarfi da testosteron wajen girmar furostet da jakunkunan ruwan maniyyi. Dama can a ɗabi'ance furolaktin na hawa a jinin ɗan ɓera bayan yaye yayin da yake dosar balaga. Andrzej Bartke ya yi aiki mai yawa a nan, ya nuna cewa wadannin ƙananan ɓeraye da aka haifa ba furolaktin irin wannan dashe na gyara musu haihuwa. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne da aka samu rahotanni a ƙarshen shekarun 1970 cewa dashen ƙoda a ɗan ɓera namiji ya kawo alamun balaga da wuri. Ga kuma wani abu da ni nake ganin ba a cika ba shi haƙƙinsa ba, a kwanakin farko lokacin da tsakiyar tsokar ke mutuwa tana zubar da LH da FSH ɗin da ta zo da su, wato ta ɗan yi irin aikin cushen Smith kafin ta koma injin furolaktin, to wane ne a cikin biyun ya ja kwanan balaga baya? Duk rahoton da bai faɗi shekarun mai bayarwa da jinsinsa da guda nawa aka dasa da ranar da aka dasa ba, ni ba na saurin ɗaukarsa.

Ɗaya fuskar kuma, furolaktin in ya yi yawa ya daɗe, sai ya koma kan ƙwaƙwalwa ya rage fitar GnRH, LH da FSH su sauka. A manyan ɓeraye maza da aka dasa wa fituwitari da dama a ƙoda an ga haka ƙarara, a sa musu mace mai neman namiji su yi ta jan ƙafa kafin su hau, wasu su kasa kammalawa, kuma abin sha'awa sau da yawa testosteron ɗinsu bai wani faɗi ba, wato furolaktin na taɓa sha'awa da miƙewa ta wata hanyar daban. Ka ga kenan abu ɗaya yana tura maraina gaba ta ƙasa yana kuma ja da baya ta sama, wanda ya rinjaya ya danganta da shekarun ɓeran da yawan abin da tsawon lokaci. Wanda ya auna a kwana 40 da wanda ya auna a wata huɗu dole bakinsu ya sha bamban.

Kada dai wani ya ɗauki wannan ya ce to furolaktin na ƙara wa yaro balaga. A mutum ɓangaren dannewar ne ya fi bayyana. Namijin da ke da ƙari mai fitar da furolaktin a fituwitari yakan zo da raunin sha'awa da rashin ƙarfi da ƙarancin maniyyi, in yaro ne balagarsa ta tsaya, wani lokacin har da ciwon kai da raguwar gani ta gefe-gefe saboda jijiyoyin ido ta saman sirdin nan suka gitta. Maganinsa kuma daga wannan ilimin na ɓera ya fito, bromokiriftin da kabagolin, suna kwaikwayon dofamin ne su mayar da linzamin, har ƙarin ya tsuke ba tare da tiyata ba a mafi yawan mutane. Magungunan da ke toshe dofamin kuwa irin su haloferidol da risferidon da metokulofuramid suna ɗaga furolaktin. Su tiramadol da kodin da matasanmu suka faɗa wa, dangin ofiyom ne, suna danne GnRH testosteron ya sauka, abin takaici wasu don daɗewa a shimfiɗa suka fara sha. Haka mai yi wa kansa allurar testosteron don ƙwanji ko ƙarfin maza, ƙwaƙwalwa na ganin jini ya cika sai ta yi shiru, LH da FSH su ɗauke, maraina su tsuke maniyyi ya ƙafe, yana ganin kansa ƙato alhali an rufe masana'anta.

Da aka tabbatar umarni daga sama yake, sai bincike ya bar dashen fituwitari ya hau sama. Ernst Knobil a Fitsbag ya nuna a birai a 1978 cewa GnRH ba kwarara yake yi ba, bugu-bugu yake zuwa kamar sau ɗaya a awa, in ka ba da shi ba yankewa fituwitari sai ta toshe kunne, dabarar da yau ake amfani da ita a dakatar da balagar da ta zo wa yaro da wuri ko a kashe testosteron a kansar furostet. A 1980 suka ba 'yan birai mata da ba su balaga ba wannan bugun na awa-awa da famfo, suka fara haila da sakin ƙwai, da aka kashe famfon suka koma yara, abin da Harris da Jacobsohn suka hango da tsokar jariri kenan. A 1982 kuma Dorothy Krieger da abokan aikinta a Niyok suka juya gwajin, akwai wasu ƙananan ɓeraye da aka haifa ba sa iya haɗa GnRH, mazansu maraina 'yan mitsi-mitsi, sai aka dasa musu ɗan yankin ƙwaƙwalwar ɗan tayi mai ɗauke da ƙwayoyin GnRH, fituwitarinsu da ba ta taɓa yin wannan aiki ba ta tashi, maraina suka girma har da maniyyi. A 2003 wasu ƙungiyoyi biyu suka gano ashe shi ma sarkin akwai mai tashinsa, wani sinadari kisfeftin, mutanen da aka haifa makarɓarsa ta lalace ba sa balaga sam.

Su kuwa ƙwayoyin da ke haɗa GnRH ɗin, an gano a 1989 cewa ba a cikin ƙwaƙwalwa ake fara halittarsu ba, a hanci suke tsirowa lokacin ɗan tayi na ciki, sai su bi jijiyoyin jin ƙamshi su yi ƙaura zuwa haifotalamus. In tafiyar ta katse a hanya sai a haifi yaro da fituwitari lafiyayya da maraina lafiyayyu amma ba mai ba da umarni, ya kai shekara 18 ko 20 ba gemu ba sauyin murya, kuma ba ya jin wari ko ƙamshi, ciwon da ake kira da sunan Franz Kallmann wanda ya bayyana shi a 1944. Shi ya sa likitan da ya san aikinsa in aka kawo masa saurayi da ya ƙi balaga, kafin ya rubuta gwajin jini sai ka ji ya tambaye shi ko yana jin ƙamshin turare in an kunna a ɗaki, ko ya buɗe kwalbar wani abu ya miƙa masa ya ce shinshina ka faɗa min mene ne.